Dokin Ƙofa: Darasi A Kan Godiyar Mace Ga Mijinta

 

Ƴan uwa masu saurare, maza da mata, na garin Tanut da na Belbeji, na Gangara da Olelewa da Falanko, da makiyayan da ke jin mu a wajen Tarka da Tenhiya, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

A daren jiya mun yi bayani a kan nauyin ciyarwa da ke wuyan maigida. Yau za mu juya ga iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, mu yi magana a kan godiyar mace ga mijinta. Mun zaɓi wannan darasi cikin wannan wata ne saboda abin da limamai da masu unguwanni suka sani sarai: watan da ya fi kowane wata lada, shi ne kuma watan da gidaje da yawa suke ɗaukar zafi. Baki ya bushe, ciki babu komai, rana ta take, kuɗin sukari ya hau, ga tunanin kayan sallar yara yana tafe. Kalma ɗaya da aka furta kafin kiran magariba tana iya mayar da mace gidan iyayenta tun ba a ga watan Shawwal ba.

Abin lura ne cewa a cikin ayoyin azumi na Suratul Baƙara, a aya ta 187, Allah Maɗaukaki ya kamanta miji da mata da tufafi, kowannensu sutura ne ga ɗan uwansa. Mu mutanen Damargu mun san aikin tufa. Tana rufe abin da ba a son a gani, tana kare jiki daga iskar hunturu da ƙunar bazara, tana kuma ƙawata mai ita. Godiya tana daga cikin zaren da ake saƙa wannan sutura da shi.

Ma'anar godiya da ma'anar butulci

A harshen Larabci, asalin kalmar kafirci shi ne rufewa. Shi ya sa Larabawa suke kiran manomi da suna daga wannan tushe, domin yana zuba iri ya rufe shi da ƙasa, kuma haka malaman tafsiri da yawa suka fassara kalmar a Suratul Hadid, aya ta 20. Mu da muke yin binne kafin ruwa ya sauka mun san wannan aiki: a sara da sungumi, a zuba iri, a rufe da ƙafa. Sai dai manomi yana rufe iri ne don ya tsiro, butulu kuwa yana rufe alheri ne don kada a gan shi.

Kalmar godiya kuma asalinta bayyana ne. Larabawa sukan ce dabba mai godiya ce idan ta ci ciyawa kaɗan amma jikinta ya nuna ta ci. Makiyayanmu sun san irin wannan akuya ko raƙuma, wadda ke fita rani da ƙibarta alhali kiwon da ta samu shi sauran suka samu. To, haka mutum mai godiya yake: alheri kaɗan yakan bayyana a fuskarsa da bakinsa da aikinsa.

Malamai sun ce godiya tana da mazauni uku. Zuciya ta yarda an yi mata alheri, harshe ya faɗa, gaɓoɓi su yi aiki da shi ta hanyar da ta dace. Allah ya yi alkawarin ƙari ga mai godiya a Suratu Ibrahim, aya ta 7. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Idan haka ne ga maƙwabci da abokin ciniki, ina ga mutumin da kike cin guminsa safe da yamma?

Labarin dokin ƙofa

Imamu Buhari ya kawo wani dogon labari daga Abdullahi ɗan Abbas. Bayan Annabi Isma'ila ya girma a Makka, ya auri wata mace daga ƙabilar Jurhum, mahaifiyarsa Hajara kuma ta rasu. Sai Annabi Ibrahim ya zo ganin iyalinsa, bai tarar da ɗansa a gida ba. Ya tambayi matar ina mijinta, ta ce ya fita nema musu abinci. Ya tambaye ta yadda zamansu yake. Ba ta san ko wane ne ba, amma ta buɗe baki ta zuba masa kuka, ta ce suna cikin ƙunci da wahala da mugun hali. Sai ya bar mata saƙo: idan mijinta ya dawo ta gaishe shi, ta ce masa ya sauya dokin ƙofarsa. Da Isma'ila ya ji saƙon ya gane mahaifinsa ne ya zo, ya kuma gane abin da ake nufi, ya sallame ta zuwa ga danginta.

Ya auri wata daga cikinsu. Bayan wani lokaci Annabi Ibrahim ya sake zuwa, bai same shi ba. Ya yi wa wannan irin tambayar da ya yi wa waccan. Ta ce suna cikin alheri da yalwa, ta yabi Allah. Ya tambayi abincinsu, ta ce nama. Ya tambayi abin shansu, ta ce ruwa. Ya roƙi Allah ya sa musu albarka a naman da ruwan, ya bar saƙo cewa mijinta ya tabbatar da dokin ƙofarsa. Da Isma'ila ya dawo ya shaida mata cewa mahaifinsa ne, ita ce kuma dokin ƙofar da aka umurce shi ya riƙe. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙara da cewa a lokacin ba su da ƙwayar hatsi, da suna da ita da ya roƙa musu albarka a cikinta.

Mu tsaya nan, ƴan uwa. Kwarin Makka bai sauya ba tsakanin zuwan farko da na biyu. Mijin shi ne dai, fitarsa nema ita ce dai. Gida ne da babu ko tiya ɗaya ta gero a cikinsa. Amma mace ɗaya ta duba ta ga ƙunci kawai, ɗayar ta duba ta ga abin yabo. Ta farko ba a ce ta yi ƙarya ba, wahalar tana nan. Laifinta shi ne ta kwance asirin gidanta gaban baƙon da ba ta sani ba, kuma cikin dukkan maganarta ba ta sami alheri ko ɗaya da za ta ambata ba, alhali a daidai lokacin mijinta yana daji saboda ita.

Dubi kuma abin da aka kamanta mace da shi. Dokin ƙofa shi ke riƙe ƙofa, shi ke tare rairayi da ruwan damina, ta kansa mai gida yake wucewa idan zai fita, shi yake fara tararwa idan ya dawo. Idan ya yi ƙarfi, ɗaki ya tsaru. Idan ya ruɓe, kowace iska sai ta shigo.

Gargaɗi ga maza tun kafin mu yi nisa: kada wani ya ɗauki wannan labari hujjar sakin matarsa don ta yi ƙorafi. Wancan umurni ne na Annabi ga ɗansa Annabi, a gidan da zuriyar Manzon ƙarshe za ta fito daga cikinsa. Kai ba Annabi Ibrahim ne ya aiko maka da saƙo ba.

Abin da ya kamata a gani a mijin Damargu

Damargu ƙasar hatsi ce tun zamanin da ayarin raƙuman Abzin suke saukowa su sayi gero su koma arewa da shi. Amma ƙasa ce da ke bakin hamada, damina ɗaya gajeruwa ita ce abincin shekara. Magidanci yana iya shuka sau biyu ko sau uku, iska ta binne tsiro, ya sake. Ya yi noma, ya yi maimai, sannan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fitar kai, ko fara ta sauka, ko jan-baki ya cinye. A ƙarshe ya shigo da dami ashirin a gonar da ta saba ba shi ɗari. Wahalar da ya sha a shekarar dami ashirin ba ta gaza ta shekarar dami ɗari ba, sau da yawa ma ta fi. Macen da ke auna mijinta da abin da ya shiga rumbu kaɗai za ta zalunce shi, domin sara da noma nasa ne, ruwa kuwa na Allah ne.

Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da 1974, da na 1984, da mu da muka ga yunwar 2005, mun san gidajen da suka rayu a kan anza, ana jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacinta ya fita. A irin waɗannan shekaru aka gane gaskiyar karin maganar nan, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gidaje sun watse, wasu kuma sun tsaya, alhali rumbunan duka fayau suke. Ku tambayi dattawan da suka tsaya, za su gaya muku abin da ya riƙe su, bayan taimakon Allah, shi ne macen da ba ta haɗa musu yunwa da gori ba.

Yau kuma ga ci-rani. Da an gama girbi, magidanta suna kama hanyar Agadas da Arlit, wasu su wuce Aljeriya ko Libiya, wasu su yi kudu zuwa Damagaram da Kano. Tun shekarar 2014 da aka ga zinariya a Jado, da yawa suka bi ramuka. Mace tana zaune sai a kira ta a ce an aiko mata da jaka biyar. Ita jaka biyar ta gani. Ba ta ga kwanan da aka yi a bayan mota cikin sahara ba, ba ta ga kwali da aka shimfiɗa aka kwana a kansa a gidan da ba a gama ginawa ba, ba ta ga cin abinci sau ɗaya a wuni don a tara abin aikowa ba. Sai ta ji an aiko wa maƙwabciyarta jaka hamsin, nan take jaka biyar ta zama abin kunya a idonta. Idan ya kira waya, kafin ta ce yaya gajiya, ta ce sukari ya ƙare.

Shari'a ta riga ta yanke wannan hukunci. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, Allah ya ɗora wa mai yalwa ciyarwa gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma gwargwadon abin da aka ba shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira umurnin Manzon Allah cewa a harkar duniya mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama, domin haka ya fi kare mu daga rena ni'imar Allah. Matar da aka aiko wa jaka biyar ta tuna da wadda mijinta ya shiga sahara ba a sake jin labarinsa ba.

Kalmar da ke share shekaru

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ranar da rana ta yi husufi a Madina, Manzon Allah ya yi salla da mutane, aka nuna masa wuta, ya ga mata sun fi yawa a cikinta. Da aka tambayi dalili ya ce butulci. Aka ce ko butulce wa Allah? Ya bayyana cewa butulce wa abokin zama ne da butulce wa kyautatawa: a yi wa mace alheri tsawon zamani, ranar da ta ga wani abu guda da bai yi mata ba, ta ce ba ta taɓa ganin alheri wurin mijin ba. Buhari ya sanya wannan hadisi a littafin imani, ƙarƙashin babin da ke nuna cewa wannan butulci bai kai kafircin da ke fitar da mutum daga addini ba, amma zunubi ne mai girma.

Ku lura da inda laifin yake. Ba a zargi mace don ta ji haushi ba, ɗan Adam ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa. An zarge ta ne a kan kalmar “ban taɓa ba”. “Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin daɗi ba.” “Me ka taɓa yi mini?” Wannan kalma tana ɗaukar shekara goma na ci da sha da sutura da jinya, ta zuba musu ƙasa cikin numfashi guda. Ƙarya ce kuma, domin babu macen da ta zauna shekara goma da mutum ba ta ga alherinsa ko sau ɗaya ba. Kuma tana kashe zuciyar namiji: wanda aka ce masa duk abin da ya yi a baya banza ne, da wane ƙarfi zai yi na gaba?

Wannan hadisi nasiha ce mai tafe da magani. A ranar idi Manzon Allah ya je wurin mata ya yi musu irin wannan gargaɗi, ya umurce su da sadaka. Ba su yi fushi ba, sai suka riƙa cire ƴan kunne da zobba suna jefawa cikin mayafin Bilalu. Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, wadda mijinta ba mai dukiya ba ne, ta nemi sanin ko sadakarta za ta yiwu ga mijinta da marayun da ke hannunta. Aka ba ta amsa cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ƴan uwa mata masu sana'a, masu ƙuli-ƙuli da ƙosai da saƙar tabarma da kiwon awaki, wannan albishir naku ne. Abin da kika sa a tukunya daga hannunki ranar da maigida ya gaza sadaka ce mai lada biyu, muddin ba ki bi ta da gori ba.

Mata biyu da suka iya ƙirga alheri

A cikin wannan wata na Ramalana ne wahayi ya fara sauka a kogon Hira. Manzon Allah ya koma gida jikinsa yana rawa, ya ce wa Nana Hadiza yana jin tsoro a kan ransa. Me ta yi? Ta rantse Allah ba zai kunyata shi ba, sannan ta shiga lissafa masa halayensa ɗaya bayan ɗaya: sada zumuncinsa, ɗaukar nauyin gajiyayyu, ba wa marasa shi, girmama baƙo, tsayawa da mutane a lokacin musiba. Wannan lissafi bai zo mata a daren nan ba. Shekara goma sha biyar tana zaune da shi tana gani tana adanawa, har ranar da ya buƙaci ya ji. Namiji yana da ranar da yake shigowa gida ƙafafunsa ba su ɗaukarsa, ranar da jari ya karye, ko garke ya mutu, ko aka koro shi daga ƙasar mutane hannu wofi. A ranar nan, abin da matarsa ta adana a kansa shi za ta fitar, ko alheri ko akasinsa.

Ta biyu ita ce Ummu Zar'in. Nana A'isha ta ba Manzon Allah labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba. Wasu suka kushe, wasu suka yaba. Ta ƙarshensu ta yabi mijinta Abu Zar'in filla-filla: adon da ya sa mata, yadda ya ciyar da ita, yadda ya faranta mata har ta ga girman kanta, yadda take magana ba a muzanta ta. Ba ta tsaya kansa ba, ta yabi mahaifiyarsa, da ɗansa, da ƴarsa, har da baiwarsa. Ko bayan ya sake ta, ta auri wani mai kyauta, ba ta rufe alherin na farko ba. Manzon Allah ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce wa A'isha shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu cikin wannan wata, ya rubuta littafi guda a kan wannan hadisi kaɗai, saboda yawan fa'idarsa.

Yadda ake yi a aikace

Mun san al'adarmu. Mace mai kunya ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko Malam, ko baban wane. Kunya alheri ce. Amma kunyar da ke hana godiya ba ta hana gori ba, wannan sai a sake duba ta. Harshenmu kuwa bai bar mu da uzuri ba, domin cike yake da kalmomin da ba su karya kunya: sannu da zuwa, sannu da rana, an gode, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya rufa asiri. Tirmizi ya ruwaito daga Usama ɗan Zaidu cewa wanda aka yi wa alheri ya roƙa wa mai yin sakayyar alheri wurin Allah, ya kai matuƙa wajen yabo.

Ga misali. Maigida ya shigo bayan la'asar da tiya ɗaya ta gero da ƙullin sukari. Wata ta dubi kayan ta ce: “Iyakarsa ke nan? Man fa?” Wata kuwa ta karɓa da hannu biyu ta ce: “Sannu da rana, Malam. Allah ya ƙara buɗi.” Bayan an sha ruwa, hankali ya dawo, ta ce: “Gobe in da hali, a tuna mana da mai.” Dukansu sun nemi mai. Ta farko ta sa ya yi nadamar shigowa, ta biyu ta sa ya kwana yana tunanin inda zai samo.

Sai godiyar aiki, wato tattali. Abin da ya shigo da gumi kada ya fita da wasa. Dafa abin da ya fi ƙarfin gida don a gwada wa maƙwabta, a wayi gari a zubar, butulci ne ko da baki yana cewa an gode. Haka cin bashi a ɓoye don ankon biki ko kayan salla.

Sai godiyar bayan ido, ita ce mafi wuya. Me kike faɗa a kansa a bakin rijiya, a gidan suna, a gidan iyayenki? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me kuma ƴaƴanki suke ji? Yaron da ya tashi yana jin uwarsa tana cewa “ubanku ba ya komai” ba zai girmama uban ba, kuma wanda ya rena ubansa bai daɗe yana girmama uwarsa ba. Wadda ke miƙa wa yaro riga tana cewa “je ka yi wa babanka godiya” tana gina gida biyu ne, nata da wanda yaron zai kafa. A gidan da ke da abokiyar zama kuwa, kada idon da ke ƙirga abin da aka kai ɗakin can ya makance daga abin da aka kawo ɗakin nan.

Godiya ba ta hana neman haƙƙi

Kada wata ta fahimci cewa muna umurtar ta da yin shiru a kan zalunci. Hindu ƴar Utba ta je wurin Manzon Allah ta ce mijinta Abu Sufyana marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ƴaƴanta. Bai kira ta butulu ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Haulatu ƴar Sa'alaba ta kai kukan mijinta, Allah ya ji ta, ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. A mazhabarmu ta Malikiyya, macen da mijinta ya daina ciyar da ita, ko yake cutar da ita da duka ko zagi, tana da damar kai ƙara, alƙali kuma yana da ikon raba auren idan abin ya tabbata bai gyaru ba. Wanda ya tafi ci-rani ya share shekaru babu aike babu labari alhali yana da iko, shi ne mai laifi.

Bambancin a fili yake. Mai neman haƙƙi tana faɗin abin da ya faru, gwargwadon yadda ya faru, ga wanda zai iya gyarawa. Butulu tana share alherin da ya faru, gaban wanda ba zai gyara komai ba. Hanya ita ce a fara da shi kansa cikin sirri, in ya ƙi a kai ga manya, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta kamar yadda Suratun Nisa'i ta nuna a aya ta 35, in ya faskara a kai ga liman ko alƙali.

Kalma ga magidanta

Mun san akwai magidancin da tun farkon darasin nan yake ƙara muryar rediyo don uwargida ta ji. To, kada ka rage yanzu, naka ya zo. Hadisin da ya ce a gode wa mutane bai ware maza ba, kuma Suratul Baƙara, aya ta 228, ta tabbatar wa mata haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu.

Dubi wunin matarka cikin azumi. Ita ke riga kowa tashi don sahur. Ita ke bin layin famfo ko zuwa rijiyoyinmu masu zurfi da rana tsaka. Ita ke surfe da daka da bakin da bai ɗanɗani ruwa ba, ita ke shaƙar hayaƙi tun la'asar, ita ce ta ƙarshen zama idan an kira salla. Idan ka tafi ci-rani, ita ke riƙe maka ƴaƴa da dabbobi da tsohuwarka. Yaushe rabon da ka ce mata “sannu da aiki, maman wane, Allah ya yi miki albarka”? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albabi ga mazan da ke amfani da matansu kamar kayan aikin gida, suna barin su cikin jahilci.

Manzon Allah bai bar ambaton alherin Nana Hadiza ba bayan rasuwarta, har idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Muslim kuma ya ruwaito hanin da ya yi ga mumini kada ya ƙi matarsa mumina, domin idan wani hali nata bai yi masa ba, wani zai yi masa. Wannan shi ne maganin “ban taɓa ba” ta ɓangaren maza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai son a yaba masa ya fara yin abin yabo.

Abin da muke roƙo a daren nan

Ƴar uwa, bayan an sauko daga asham, kafin ki kwanta, ki ƙirga abu biyar na alheri da mijinki ya yi miki tun farkon wannan wata, komai ƙanƙantarsu. Ki zaɓi ɗaya ki faɗa masa da bakinki, ko ta waya idan yana nesa. Ɗan uwa, kai ma ka yi haka. Wanda ya yi furucin da ya share alherin abokin zamansa, ya nemi gafararsa tun goman ƙarshe ba su shigo ba. Wadda ta yi yaji, da wanda ya bar ta ta tafi, manya su shiga tsakani, kada salla ta tarar da yara a rabe.

Ya Allah ka sanya mu cikin bayinka masu godiya. Ka sa albarka a hatsinmu da ruwanmu da dabbobinmu. Ka sanya natsuwa da ƙauna da jin ƙai a gidajenmu. Ka dawo mana da matafiyanmu lafiya, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Gobe idan Allah ya kai mu za mu yi magana a kan haƙƙin ƴaƴa a kan iyayensu.